An ce an ƙara mana tallafi, amma har yau shiru: a ina kuɗin ke maƙalewa?

Maman Ilham

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san aikin gwamnati ta ciki ce, musamman ɓangaren kuɗi.

Ni ke riƙe da wata 'yar cibiya da muke koya wa matasa kurame karatu da maganar hannu da ɗinki. Muna cikin ƙungiyoyin da wata hukumar gwamnati ke ba tallafi duk shekara, kuma tsakani da Allah tallafin nan na asali bai taɓa ba mu ciwon kai sosai ba. Duk wata uku mu kai rahoto, su duba, kuɗi ya shigo. Yakan makara kaɗan, amma yana zuwa.

A farkon shekarar nan aka sanar cewa gwamnati ta ware ƙarin kuɗi ga cibiyoyi irin namu. Minista da bakinsa ya faɗa, jaridu suka ɗauka, daga baya aka aiko mana da takarda cewa muna cikin waɗanda za su amfana. Da ƙarfin takardar nan na ɗauki ƙarin malama, na buɗe ajin yamma ga yaran da suka daɗe suna jiran gurbi. Ga shi shekara ta yi nisa, ko sisi daga ƙarin bai shigo ba. Albashin sabuwar malamar daga kuɗin gyaran kekuna nake yankowa, kekuna biyu suna can a jingine.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tallafin asali yana nan yana shigowa kamar kullum. Hukumar ita ce, jami'in da ke kula da fayil ɗinmu shi ne, asusun bankinmu bai canza ba. Me ya hana su ɗora ƙarin a kai su turo gaba ɗaya? Duk sanda na kira amsar ita ce dai "ana kan aiki, Hajiya". Ba na son yi wa bawan Allah mugun zato, mutumin kirki ne, amma haƙurina ya fara gazawa. Haka abin yake a ko'ina, ko mu kaɗai aka manta?

Ɗan Gwagwarmaya

Anti, Allah ya ba da haƙuri, amma ruwa ba ya tsami banza. Kuɗin da aka sanar a gaban kyamara ai ya riga ya gama aikinsa ranar da aka sanar da shi. Minista ya sha tafi ya wuce. Ko dai wani ya danne yana jiran a zo a gaishe shi, ko kuma tun farko babu kuɗin. Ki sallami malamar tun bashi bai yi miki katutu ba.

Tsohon Akanta

Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki yi saurin sallamar kowa tukuna. Na yi aiki a sashen biyan kuɗi har na yi ritaya, irin wannan kiran naki na sha amsa shi, kuma "ana kan aiki" ɗin nan ni ma da bakina na sha faɗa. Sau da yawa gaskiya ce, sai dai gaskiyar da ba ta biyan albashi.

Ranar da minista ya tsaya ya yi sanarwa, abin da ke ƙasa niyya ce. Ƙarin kuɗi galibi ba ya cikin kasafin da aka riga aka zartar, don haka sai an kai wa majalisa ƙwarya-ƙwaryar kasafi, ko kuma a nemi izinin ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani. In majalisa ta amince aka sa hannu, abin da hukumarku ta samu izinin kashewa ne kawai, kuɗin kansa bai motsa ba. Sai ma'aikatar kuɗi ta fitar da takardar saki, sannan baitulmali ya duba ko akwai tsabar kuɗin da za ta mara wa takardar baya. In wata ya zo da ƙarancin haraji, albashi da biyan bashi ake fara cirewa, sai abubuwan da aka saba biya kowane zango. Sabon tallafi shi ne mafi sauƙin ɗagewa, don babu wanda zai shiga yajin aiki saboda shi. Amurkawa sukan buga alƙaluma uku daban a kan kowane shiri: abin da majalisa ta ware, abin da hukuma ta ɗaure kanta da shi a yarjejeniya, da abin da ya fita daga asusu. Jarida ta farkon take bugawa, ke kuma na ukun kike jira.

Yanzu ga ainihin tambayarki, me ya sa ba a ɗora shi a kan na asali. Ba ya ɗoruwa. Tallafinki na asali yana da lambarsa a kasafi, da yarjejeniyar da kika sa wa hannu, da jadawalin biya da kwamfuta ta riga ta sani. Ƙarin yana zuwa da tasa lambar da nasa dalilin, kuma mai binciken kuɗi zai nemi ya ga kowane a keɓe. Kafin a biya mutum ɗaya sai hukuma ta rubuta ƙa'idojin rabo: wa ya cancanta, ta yaya za a raba, da yawan ɗalibai ko daidai wa daida, me aka yarda a saya da shi, me aka hana. Daftarin ya je wurin lauyoyi, ya dawo da jan biro, ya je ma'aikatar kuɗi, ya dawo. Bayan nan sai a yi wa kowace cibiya gyaran yarjejeniya, ɗaya bayan ɗaya. Takardar da aka aiko miki, in ban yi kuskure ba, albishir ce. Akanta ba ya haɗa bauca, wato takardar biyan kuɗi, a kan albishir, sai a kan yarjejeniya mai sa hannun ɓangarori biyu.

Kuma wa zai yi duk wannan? Mutanen da ke duba rahotonku na wata uku. Ban taɓa ganin an ninka kuɗin tallafi an ninka ma'aikatan sashen ba. Sau da yawa ma dokar ƙarin takan taƙaita abin da za a kashe wajen gudanarwa, don 'yan majalisa su iya cewa duka kuɗin ga talaka zai tafi. Daɗin ji gare shi, amma fayil bai san wannan ba.

In akwai wata gwamnati a tsakani, jiha ko lardi, to da sauran rina a kaba, musamman in an ce sai ta kawo nata kason. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta taɓa rabonta sai ta ajiye rabin kuɗin aikin daga aljihunta. Shi ya sa biliyoyin naira kan yi shekaru a ajiye, an ware su, suna nan, babu mai ɗauka. Babu wanda ya sace, kuma babu ajin da aka gina.

Sai abu na ƙarshe, wanda ni a wurina shi ne uwa uba. Ma'aikacin da ya biya kuɗi ba daidai ba, sunansa ne zai fito a rahoton bincike, shi za a aika wa takardar tuhuma, wani lokaci bayan ya yi ritaya a taɓa masa fansho. Wanda ya ajiye fayil wata shida kuwa, ban taɓa ganin an tuhume shi ba. To mutum mai iyali, da sabon kuɗi a gabansa da ƙa'idojin da ba wanda ya taɓa gwadawa, me kike zato zai yi? Zai rubuta a gefen fayil cewa a nemi ƙarin bayani, ya tura sama.

Ɗan Gwagwarmaya, ban ce ba a cin kuɗi ba, ɗana. Amma mai son ci ba ya son jinkiri, so yake kuɗi ya fito ya samu nasa.

Hajiya, ki ɗauko takardar nan ki karanta mana sakin layi na ƙarshe. Kuma maganar kuɗin gyaran kekuna, ki yi hattara. In a tsohuwar yarjejeniyarki an ware shi ne don gyara, mayar da shi albashi ba da rubutaccen izini ba zai iya tsayar miki da na asalin ma.

Maman Ilham

Baba Akanta, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Kuɗin gyaran daga gudummawar iyaye ne, ba ya cikin na gwamnati, don haka nan da sauƙi.

Na ɗauko takardar. A ƙarshenta an rubuta cewa biyan kuɗin ya dogara da kammala ƙa'idojin aiwatarwa da sa hannu a kan ƙarin yarjejeniya, kuma za a biya ne bayan cibiya ta gabatar da shaidar abin da ta kashe. Ranka ya daɗe, wato ni zan fara kashewa daga aljihun da ba ni da shi, sannan su mayar min? In ina da kuɗin da zan kashe, me ya kai ni neman tallafi?

Bilkisu M.

Yaya, abin da kika gano shi ne ke karya ƙananan ƙungiyoyi a ƙasashe da yawa. Tsarin "kashe ka kawo rasit" babbar ƙungiya mai ajiya a banki yake yi wa daɗi, ita ta iya jira. Ƙaramar da aka ce don ita aka yi ƙarin ita ke fara numfashi sama-sama.

Karatuna a fannin tafiyar da kuɗin gwamnati ne, kuma don kar ki ɗauka ku kaɗai aka manta, ga abin da ya faru a Amurka lokacin korona, ƙasar da babu mai cewa baitulmalinta ya bushe. A Disambar 2020 majalisarsu ta ware dala biliyan 25 don taimaka wa masu haya da suka kasa biya, a Maris na 2021 ta ƙara sama da biliyan 21. Kuɗin bai daɗe ba ya sauka a hannun jihohi da birane. Amma zuwa ƙarshen Yulin 2021 wajen biliyan 5 kacal ya isa ga jama'a, alhali mutane na zaune da fargabar a fitar musu da kaya waje. Ɗaruruwan hukumomi ne kowace ta zauna tana ƙirƙirar shirinta daga tushe, da nata fom, da nata shafin intanet, tana neman takardar haya da shaidar samun kuɗi da amincewar mai gida. Wanda ya fi kowa buƙata shi ne wanda ba shi da waɗannan takardu. Sai da aka ƙarfafa wa hukumomin gwiwa su karɓi rubutaccen bayanin mai nema a madadin wasu takardun, sannan kuɗin ya fara gudu.

A ƙasar dai, a shekarar 2020, an yi akasin haka da rancen ceto ƙananan 'yan kasuwa, wanda ake yafewa in an riƙe ma'aikata. Ta bankuna aka bi, bincike kaɗan, dala biliyan 349 na zagayen farko ya ƙare cikin kwana 13. A 2023 babban mai binciken hukumar ƙananan sana'o'i ya ƙiyasta cewa sama da dala biliyan 200 daga wannan shiri da wani ɗan'uwansa mai yiwuwa 'yan damfara ne suka kwashe. Duk ma'aikacin da ya karanta wannan rahoto sai ya ƙara wa fom ɗinsa shafi biyu.

Tarayyar Turai ma haka. Shugabanninta sun amince da asusun farfaɗowa daga korona na yuro biliyan 750 a Yulin 2020, amma sai da ƙasashe 27 ɗin duka suka zartar da izinin ciwo bashin, abin da bai kammalu ba sai ƙarshen Mayun 2021. Kafin alƙalami na kashi 13 cikin 100 a Agusta ya fara fita, shekara guda da 'yan kai bayan sanarwa. Sauran kuma ba a sakin shi sai ƙasa ta nuna ta cika matakan da ta yi alkawari.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne kuɗin shimfiɗa intanet mai sauri a karkarar Amurka, dala biliyan 42 da ɗoriya da aka sa wa hannu a Nuwambar 2021. Dokar ta ce sai an zana sabuwar taswirar wuraren da ba su da intanet kafin a raba, don haka sai Yunin 2023 kowace jiha ta san rabonta. Daga nan kowace ta rubuta tsarinta, a duba, a ba jama'a damar ƙalubalantar taswirar, a yi tanda, wato gasar neman kwangila. Har 2024 ta ƙare ba a jona gida ko ɗaya da kuɗin ba.

Inda na ɗan saɓa da Baba Akanta, da girmamawa, shi ne ya faɗi abin kamar ƙaddara ce. Zaɓi ne, Baba. Duk inda gwamnati ta zuba ƙari ta hanyar da ta riga ta kafu, ta ce a ɗaga wa duk mai karɓa da kashi kaza bisa tsohuwar yarjejeniyarsa, kuɗi kan isa da wuri. Amma wannan ba ya ba ɗan siyasa sabon shiri mai sabon suna da zai ƙaddamar. Tambayar Yaya ta farko, me ya hana a ɗora a kai, ba tambayar rashin sani ba ce. Ana iya rubuta dokar ta yadda zai ɗoru.

Ɗan Gwagwarmaya

Malama Bilkisu ta taɓo inda nake so. Baba, ka ce mai ci ba ya son jinkiri, na yarda. Amma mai mulki fa? Guguwar Maria ta ɗaiɗaita Puerto Rico a Satumbar 2017, majalisar Amurka ta ware wajen dala biliyan 20 na sake gini ta hannun ma'aikatar gidaje, aka yi ta jibga sharaɗi kan sharaɗi, sai a 2021 da gwamnati ta canza aka cire ƙa'idojin da suka tsare wani babban kaso. Poland ma an riƙe mata kuɗin farfaɗowar Turai saboda rikicin 'yancin alƙalai, aka canza gwamnati a ƙarshen 2023, zuwa Afrilun 2024 sai ga yuro biliyan 6 da wani abu ya sauka. Ma'aikatan su ne dai, fom ɗin shi ne dai. In na sama yana so, fayil ƙafa gare shi.

Tsohon Akanta

Ban musa ba, ku duka biyun. Na ga fayil ɗin da ya zagaye ofis bakwai a wuni ɗaya don an yi waya daga sama. Sai dai na Poland ba riƙo ne na ɓoye ba, sharaɗi ne rubutacce da aka daɗe ana jayayya a kansa a fili, kada mu haɗa shi da na mai jiran gaisuwa. Kuma 'yata Bilkisu, gaskiyarki, ana iya rubuta doka ta yadda zai ɗoru. Amma ta Hajiya an riga an rubuta ta, da ita za ta zauna.

Hajiya, daina tambayar jami'in nan yaushe kuɗi zai fito, bai sani ba, kuma ba zai ce miki bai sani ba. Ki tambaye shi abin da ya sani. An amince da ƙa'idojin aiwatarwa, ko suna wurin lauyoyi? An sakar wa hukumar kuɗin, ko takardar izini kawai gare ta? Daga amsar nan biyu za ki gane ko jiran sati ne ko na watanni. Ki yi tambayar a rubuce, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kwafi. Ba don rigima ba, don takarda takan shiga fayil, kiran waya ba ya shiga.

Ki nemi sauran cibiyoyin da aka aika wa irin takardarki ku rubuta ɗaya tare zuwa ga darakta, ku roƙi a sa kafin alƙalami a ƙa'idojin, ko da na zango ɗaya ne. Yanzu ne lokacinsa, tun daftarin bai bushe ba. In an sa hannu an buga, canza layi ɗaya sai ya sake zagaye duk ofisoshin da ya fito.

Sannan ki sa ido a kan ƙarshen shekarar kuɗi. A ƙasashe da yawa abin da ba a ɗaure da yarjejeniya ba kafin a rufe littafi komawa baitulmali yake yi, sai in doka ta ba shi damar tsallakawa. Wannan ne ma ke sa ki ga hukumar da ta yi wata tara tana barci ta farka a watan ƙarshe tana cewa a kawo takardu cikin kwana uku. Rajistar cibiyarki, shaidar haraji, rahoton binciken kuɗi na bara, takardar banki, duk ki sabunta su ki ajiye a jaka ɗaya. Takarda ɗaya da wa'adinta ya ƙare ta isa ta sa a tsallake ki.

Maman Ilham

Na kai takardar, Baba, an buga min hatimi. Jami'in ya ce an saki rabin kuɗin ga hukumar, amma ƙa'idojin suna ma'aikatar kuɗi ba su dawo ba. Na kuma samu shugabannin wasu cibiyoyin, ashe kowa zaune yake yana zaton shi kaɗai ne, ɗaya ma har ya ci bashin banki.

Saura abu ɗaya da ke hana ni barci. Albashin da na riga na biya malamar nan tun farkon shekara, in an sa hannu a yarjejeniya za su mayar min da shi?

Tsohon Akanta

Wannan ya dogara da ranar da aka rubuta a matsayin farkon wa'adin tallafin, ba ranar sa hannu ba. In yarjejeniyar ta ce wa'adi ya fara daga ranar takardar albishir, abin da kika kashe daga ranar zai shiga, muddin yana cikin abubuwan da aka yarda da su kuma kina da shaida. In ta ce daga ranar sa hannu, duk na baya ya zama naki. Ku sa wannan a takardar da za ku kai wa darakta, a layin farko ma, kafin maganar kafin alƙalami. Kuma daga wannan watan ki riƙa biyan malamar ta banki, da takardar ɗaukar aiki mai kwanan wata da rajistar ajin yamma da ɗalibai ke sa hannu. Wanda kika biya hannu da hannu a baya, ki sa ta rubuta miki shaidar karɓa wata-wata, kowace da adadinta.